Hoton Salula A Kasuwannin Magarya Da Dungas: Kunyar Nuna Kuskure Na Jawo Wa 'Yan Kasuwa Asara

Jama'a masu karatu, musamman ku iyayenmu mata da ke kasa kaya a kasuwa da 'yan uwanmu fatake, duk wanda ya shiga kasuwar Magarya ko ta Dungas a 'yan shekarun nan ya san cewa wani sabon aiki ya ƙaru a kan mai saye da sayarwa, wato ɗaukar hoto. Mai atamfa ta ɗaga salula ta ɗauki turmi, mai wake ya buɗe bakin buhu ya ɗauka, dillali ya sa yaro ya riƙe masa rago ya ɗauka, kowa ya tura ta WhatsApp ga wani mai saye da ke Damagaram, ko Kano, ko Yamai. Babu wanda ya shiga makarantar hoto a cikinsu, kuma ba a ce sai an shiga ba. Sai dai a shirin da muke gabatarwa a rediyo muna yawan samun kiran masu saurare a kan rigima iri ɗaya: "abin da na gani a hoto daban, abin da direba ya sauke mini daban." Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu tsaya a kan batun.

Idan ba a manta ba, wannan al'ada ba haka kawai ta samu gindin zama a yankinmu ba. Gundumar Magarya da ta Dungas, wadda aka cire daga cikin Magarya a shekarar 2011, duka suna jingine ne da iyakar Najeriya, kuma cinikinmu ya dogara da kai da komo tsakaninmu da Babura, da Babban Mutum, da kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis. Da Najeriya ta rufe iyakokinta daga watan Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, sannan aka sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga watan Yulin 2023 har zuwa farkon 2024, mai saye da yawa ya daina zuwa da ƙafarsa ya taɓa kaya. Hoto ya zama shi ne idonsa. Iyaka ta buɗe, amma al'adar ba ta koma ba, domin kowa ya ga cewa tura hoto ya fi kuɗin mota sauƙi.

To, a nan ne gizo ke saƙa. Hoton da ya zama idon mai saye, mafi yawanmu ba mu iya ɗaukarsa ba, kuma muna jin kunyar a ce ba mu iya ba.

Wata baiwar Allah mai sayar da atamfa da shadda ta taɓa kiranmu tana kuka da wata abokiyar cinikinta da ta mayar mata da turmi uku, wai launin ba shi ne na hoto ba. Ta rantse ba ta canja kaya ba, kuma mun yarda da ita. Da muka bi diddigi sai muka tarar rumfarta an rufe ta ne da shuɗin tamfol, hasken da ke sauka a kan kayan ya riga ya rine kafin ya shiga salula, jan atamfa ya koma kamar ruwan hanta. Ba ha'inci ta yi ba, amma ta biya kuɗin motar dawo da kaya, kuma ta rasa mai saye. Da a ce kafin ta tura ta nuna wa maƙwabciyar rumfarta, ko ta jefa hoton a zauren WhatsApp na 'yan layinsu ta ce "ku duba mini, ya yi kama da kayan?", da an gaya mata cikin minti biyu ta fito da turmin inuwar da babu tamfol.

Abin da wasu matasa suka fara yi ke nan, kuma mu a ganinmu shi ne abin da ya kamata a ƙarfafa. Yaro ya ɗauki hoton lambun rake a wajen Wacha, ko tulin riɗi a bakin sito, ya san hoton bai yi kyau ba, amma maimakon ya goge sai ya tura wa 'yan uwansa masu sha'awar hoto ya tambaye su inda ya kuskure. Wani ya ce masa ka fuskanci rana ne shi ya sa kayan suka yi baƙi, ka juya rana ta kasance a bayanka. Wani ya ce goge gilashin kyamarar da gefen rigarka, ƙurar hunturu da maiƙon hannu ne suka sa hoton ya yi hazo. Wani ya ce daina jawo hoto da yatsa, taka ka matsa kusa, domin jawowar a yawancin wayoyinmu ba ta ƙara komai sai dishi-dishi. Waɗannan ƙananan abubuwa ne, amma ba a rubuce suke a kwalin waya ba, kuma wanda bai nuna kuskurensa ba babu mai gaya masa su.

Manya daga cikinmu sun san yadda abin yake a da. Mai hoto ya sa fim mai ɗaukar 36, ya ɗauka bai ga abin da ya ɗauka ba, sai an kai wanki Damagaram ko Kano, bayan kwanaki a dawo masa da kati ya tarar ya yanke kan amarya. Kowane kuskure kuɗi ne. Duk da haka a cikin wannan hali aka samu gwanaye a Afirka ta Yamma. Seydou Keïta na Bamako kafinta ne tun farko, kawunsa ya ba shi kyamara a 1935, ya koya da gwaji da tambayar waɗanda suka riga shi. Malick Sidibé ya fara ne da zama yaron shagon wani mai hoto, ya zo ya karɓi babbar lambar yabo ta bikin fasaha na birnin Venice a ƙasar Italiya a 2007. A nan gida Nijar ma an yi Philippe Koudjina, wanda ya ɗauki rayuwar Yamai ta shekarun 1960 da 1970. Yau kuskure ya zama kyauta, ka ɗauki goma ka goge tara, amma abin mamaki sai tambaya ta yi tsada.

Me ya sa? Dalili na farko ba'a ce. Mun sha gani a zauruka, mutum ya turo hoto da kyakkyawar niyya, sai a rufe shi da dariya, wani ya ce wayarka ta tsufa, wani ya liƙa masa hoton zolaya. Dattijo mai iyali ko matar aure da aka yi wa haka sau ɗaya ba za su sake ba. Kuma maganar tsufan waya yawanci ba gaskiya ba ce. Itel ko Tecno ɗin da ke hannun yawancin 'yan kasuwarmu ta isa ta nuna wake da kyau idan an ɗauka da hantsi ko bayan la'asar, ba da tsakar rana ko cikin duhun shago ba. Mai gyara na ƙwarai yakan faɗi abu ɗaya da za a canja, ya bar sauran sai wani karo.

Dalili na biyu ya fi damunmu, shi ne neman gajeriyar hanya. Wanda ya ji kunyar hotonsa sai ya ɗauko na wani. Mai leshi ta kwafo hoton da babban dila na Kantin Kwari ya ɗora, wanda aka ɗauka da fitilu, ta sa a matsayin nata, alhali abin da ke rumfarta mai kama da shi ne, ba shi ba. Wani kuma ya bar wayarsa a kan tsarin nan na gyaran fuska, wanda aka yi don sulɓe fata, sai ya sulɓe har hujin da ƙwari suka yi wa wake. Yanzu ga manhajojin da ke iya share tabo su ƙara ƙyalli da taɓawa ɗaya. A wajen dabbobi kuwa dabarar ta fi kowace tsufa: dillali ya durƙusa ya ɗauki rago daga ƙasa, ɗan matsakaicin rago ya fito kamar maraƙi. Idan Sallar Layya ta gabato, irin wannan hoto ya raba abokan ciniki da dama. Malamanmu sun daɗe suna faɗa cewa wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin kayansa, kuma mai saye na da damar mayar da kayan da aka ɓoye masa aibinsu. Ba mu ga ta inda salula ta canja wannan hukunci ba.

Saboda haka gyaran da ɗan kasuwa ke buƙata daga 'yan uwansa ya ɗan bambanta da na mai ɗaukar hoto don sha'awa. Shi mai sha'awa tambayarsa ita ce, ya yi kyau? Ɗan kasuwa kuwa tambayarsa, ya yi kama? A ɗauki rago ta gefe, waya daidai ƙirjinsa, mutum na tsaye kusa da shi don a gane girmansa, a ƙara da hoton haƙora. A ɗebo wake daga tsakiyar buhu a tafin hannu, ba daga sama inda aka zuba mai kyau ba. A ajiye tiya kusa da tulin riɗi. A buɗe atamfa a nuna bakinta da tambarinta. Hoton da ya ɗan karkace amma ya nuna waɗannan ya fi wanda ya sha gyara amfani, kuma mai saye da ya karɓi kaya daidai da hoto sau biyu, a karo na uku ba ya ma jan ciniki.

Akwai wani gefe da ba ma so mu wuce ba mu taɓa ba. Kasuwa cike take da mutane, kuma mai koyon hoto yakan ɗauki mai tuyar ƙosai ko yarinya mai talla ba tare da ya nemi izini ba, ya tura zaure don a yaba masa. Daga zaure ɗaya hoto ya faɗa goma, ya isa wayar miji ko ta suruki da wani sharhi da ba a san wanda ya liƙa ba. Ban da abin da hakan ke jawowa a gida, a tuna cewa Nijar na da dokar yaƙi da laifukan intanet tun watan Yulin 2019, an sassauta ta a 2022, sannan a watan Yunin 2024 aka mayar da hukuncin ɗauri a kan ɓata suna da zagi ta waɗannan kafofi. Wanda zai koyi hoto ya koya a kan kayansa, da dabbarsa, da wanda ya ce masa ya yarda.

Saura matsalar da ba ta hannun mai ɗauka. Sau da yawa hoto kan fito da kyau a waya, amma ya isa ga mai saye a dagule, domin WhatsApp na matse hoto don ya yi saurin tafiya, kuma wanda aka ɗauko daga fuskar waya aka sake turawa ya ƙara lalacewa. Tun 2023 kamfanin ya sa wani maɓalli mai alamar HD da ke rage wannan matsi, ana kuma iya tura hoto a matsayin takarda ya tafi yadda yake. Amma duka biyun sun fi cin forfe, kuma a ƙauyukan bakin iyaka, inda mutum ke riƙe da layin Nijar da na Najeriya yana neman wanda rezo ɗinsa ya kama, hoto mai nauyi kan daɗe yana juyawa bai tafi ba. Wasu mata sun gaya mana dabararsu: su ɗauki hotuna da rana a kasuwa, su nuna wa juna a zaɓi biyu mafi kama da kayan, sai dare ya yi rezo ya sake sannan su tura waɗannan biyun kawai.