Daga Tekun Monako Zuwa Gaɓar Baga

A ranar 27 ga Satumba, 2010, wani jirgin ruwa mai suna PlanetSolar ya tashi daga Monako, a gaɓar Bahar Rum, babu ɗigon mai a injinsa. A birnin Kiel na Jamus aka ƙera shi, tsawonsa mita 31, an shimfiɗe bayansa kaf da faifan sola da faɗinsu ya haura murabba'in mita 500. Raphaël Domjan, ɗan ƙasar Suwizalan, shi ya jagoranci tafiyar. Suka ratsa Atilantika, suka bi mashigin Panama, suka ƙetare Pasifik da tekun Indiya, suka ɓullo ta Suwez. Ranar 4 ga Mayu, 2012 suka dawo inda suka tashi, bayan kwana 584 da tafiyar kimanin kilomita 60,000. Shi ne jirgi na farko da ya kewaye duniya da hasken rana kaɗai.

Mu a Maiduguri, a waɗannan shekarun, hankalinmu ba ya kan teku. Neman kwana lafiya muke yi. Sai yanzu da ƙura ta ɗan lafa nake ganin labarin ya shafe mu fiye da yadda ya shafi masu kuɗin Monako.

Abin da ba a cika faɗa ba game da wannan jirgi shi ne nawarsa. Gudunsa na yau da kullum bai wuce kilomita 9 a awa ba, mai keke ma zai wuce shi. Batiransa kaɗai sun haura tan 8, kuma ba kaya ya ɗauka ba, mutane 'yan ƙalilan ne a ciki. Dalilin a fili yake: ƙarfin da ake samu daga rana daidai yake da faɗin wurin da aka shimfiɗa faifan, shi kuwa bayan jirgi yana da iyaka. Saboda haka har yau manyan jiragen dakon kaya da mai suke ratsa teku.

Inda fasahar ta zauna da gindinta shi ne a gajeren zango. A 2015 ƙasar Nowe ta fara aiki da Ampere, jirgin fito mai batir da ke ƙetarar da motoci. A 2017 jihar Kerala ta Indiya ta ƙaddamar da Aditya, jirgin fito mai sola da ke ɗaukar fasinja 75. Talakawa ne ke shigarsa zuwa kasuwa da wurin aiki, kullum, a ruwa mai kwanciya.

To, ruwa mai kwanciya da rana mai ƙuna, wa ya fi mu? Tafkin Chadi, da ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya janye ƙwarai bayan farin shekarun 1970 da 1980, amma bai daina ciyar da mu ba. Bandar da ake saukewa a Tashar Baga har kasuwannin Kudu take kaiwa. Sai dai kowane kwali na tarwaɗa da ƙarfasa yana ɗauke da kuɗin fetur a cikinsa, tun daga ranar da injin ya karɓi aikin filafili da gora. Mai jirgi a Doron Baga, a gaɓar tafkin, yana sayen mai da ya sha doguwar hanya a jarka, ya bi ta hannu da yawa. Harin da masu tayar da ƙayar baya suka kai a Janairun 2015 ya tarwatsa Baga, aka daɗe ana taƙaita kamun kifi da safarar mai saboda tsaro. Masunta na fara farfaɗowa sai aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023. Masunci bai san hawa ba bai san sauka ba, kuɗin fita ruwa ya ninka masa.

Ga shi kuma wahala ta riga ta koya mana sola. Tun da aka karya turakun wuta a hanyar Damaturu a Janairun 2021, garin nan na Maiduguri ya daɗe cikin duhu, har yara matasa suka ƙware a haɗa faifai da batir da inbata. A nan ne Mustapha Gajibo ya riƙa cire injin fetur daga ƙananan bas yana sa musu na lantarki. Hannun da ya iya wannan ba zai gaza a kan kwale-kwale ba.

Ban ce abin zai zo da sauƙi ba. Ciyayi sun toshe hanyoyin tafkin, kuma farfela ba ta shiri da su. Batir na da tsada, zafinmu na rage masa kwana, hazon hunturu kuma na rage ƙarfin faifai. Mai jirgin da ke tsoron haɗuwa da miyagu a ruwa yana buƙatar injin da zai tsere da shi, wannan kuwa magana ce ta rai, ba a yi mata gardama.

Amma mai duba koma da gura a kusa da gaɓa, da mai fito tsakanin gari da tsibiri, ba gudu suke nema ba. Muna da Jami'ar Maiduguri, da Cibiyar Binciken Tafkin Chadi, da Kwalejin Tarayya ta harkar kifi ta Baga. Su haɗu da maƙeran jirgi su gwada kwale-kwale ko da guda biyar, a ba masunta su yi aiki da su damina da rani, a rubuta abin da aka kashe da abin da ya lalace, sannan a ɗora shi kusa da kuɗin fetur na shekara a gani.