Hausar Zango Ba Abin Ɓoyewa Ba Ce a Gaban Masu Ɗaukar Aiki

Akwai gurguwar shawara da ake bai wa matasan Nima da Maamobi da Adabraka masu koyon rubuta manhaja. Ana ce musu idan za su nemi aiki a babban kamfanin fasaha, kada su ambaci Hausa a takardar neman aikin, wai don kada a gane 'yan Zango ne. Mai ba da wannan shawara bai san kasuwar da yake tura yaron ba.

A shekarar 2019 kamfanin Google ya buɗe cibiyar binciken ƙirƙirarriyar basira a Accra, irinta ta farko da ya kafa a Afirka, ƙarƙashin jagorancin Moustapha Cisse, ɗan ƙasar Senegal. Tun 2013 kuma Hausa ta shiga manhajar fassara ta kamfanin. Na'ura ba ta sanin harshe sai an ciyar da ita rubutu da muryoyi, an kuma samu masu gyara mata kuskure. Yawancin rubutun Hausa da ke intanet daidaitacciyar Hausa ce, wadda aka gina a kan karin Kano. Hausar Ghana kuwa ta saki bambancin jinsi a nahawu, har a ce "yarinya ya zo", ta kuma ari kalmomi daga harsunan maƙwabta. Na'urar da ta koyi Kananci kaɗai za ta yi tuntuɓe da maganar kasuwar Nima. Wa zai gyara mata in ba ɗan unguwar ba?

Masu shawarar za su ce da Turanci ake ganawar neman aikin, kuma abin da ake gwadawa shi ne warware matsalar lissafi da rubuta manhaja a gaban masu tambaya. Gaskiya ne, kuma Hausa ba za ta ceci wanda bai yi karatunsa ba. Sai dai masu neman gurbin duk tambayoyi iri ɗaya suka haddace. Idan aka yi kunnen doki, wanda ya zo da abin da saura ba su da shi ne ke da rinjaye.

Kamfanonin ma da laifinsu. Sau da yawa ta hannun 'yan kwangila suke ɗaukar masu harshe, a kan aikin wucin gadi, alhali injiniya na da kujera da albashi mai tsoka. Kujerar ma ba ta da tabbas. A watan Afrilun 2021 Twitter ya sanar da cewa a Ghana zai kafa ofishinsa na farko a Afirka, amma a Nuwamban 2022, bayan Elon Musk ya sayi kamfanin, aka sallami kusan dukkan ma'aikatan Accra. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Alhaji Umaru na Kete Krachi, wanda ya rasu a 1934, ya yi rubutu da Larabci da kuma Hausar ajami a wannan ƙasa, masana na nazarinsa har yau. Saboda haka ɗalibin Hausa ya ƙware a nahawu da ƙa'idojin rubutu, ya san inda Kananci da Hausar Zango suka rabu, ya rubuta harshen a takardarsa a jerin ƙwarewa, sannan ya nemi ladan ƙwararre.