Bana Dai Duwatsun Shere Muke So

'Yan'uwa ɗalibai, duk wanda ya tsaya a filin taron safe ya dubi gabas, in dai babu hazo, zai hango duwatsun Shere. Kullum muna ganinsu. Amma da muka zagaya ajinmu muna tambayar wa ya taɓa hawa, waɗanda suka ɗaga hannu ba su kai biyar ba, kuma ɗaya daga cikinsu muna zargin cika baki kawai yake yi.

Mun ji cewa ƙarshen zangon nan ma gidan zu da gidan tarihi za a kai mu. Ba raina su muka yi ba. Gidan tarihin Jos tun 1952 yake, a cikinsa ne muka fara ganin kawunan yumɓu na mutanen Nok da idonmu. Sai dai yawancinmu an kai mu tun muna firamare, aka sake kai mu muna aji ɗaya. Birran gidan zu ma sun kusa haddace fuskokinmu. Roƙonmu ga shugaban makaranta da malamanmu shi ne bana a canza. Mu ɗauki jaka a baya, mu hau Shere da ƙafarmu.

An koya mana cewa Jos tana kan tsayin kusan mita 1,200 daga teku, ƙololuwar Shere kuma ta ɗan haura mita 1,800. An kuma ce duk hawan mita 1,000 zafi yakan ragu da kusan digiri 6, shi ya sa 'yan'uwanmu na Kano in sun zo hutu suke neman rigar sanyi mu kuwa muna yawo da singileti. Mun haddace, mun rubuta a jarrabawa, wasunmu ma sun ci. To me zai hana mu ari ma'aunin zafi na ɗakin gwaje-gwaje, mu auna a gindin dutse, mu sake aunawa a sama, mu ga ko littafi ya yi gaskiya? Wanda ya auna da hannunsa yana haki ba zai manta ba har ya tsufa.

Kuma fa ba daji za mu faɗa haka kawai ba. A Shere akwai cibiyar gwamnatin tarayya ta koyar da shugabanci, wadda aka fi sani da Man O' War. Mutane daga jihohi masu nisa suna biyan kuɗin mota su zo a koya musu hawan dutse da igiya, mu kuma da ke maƙwabtaka da wurin, kilomita goma ko makamancin haka, sai hange.

Mun san abin da iyayenmu za su fara cewa: tsaro. Suna da gaskiya, ba yau aka haife mu a Filato ba. Shi ya sa ba mu ce a kwana ba, duk da wasu a cikinmu suna mafarkin tanti da hura wuta. A tashi da sassafe, a dawo kafin la'asar. A sanar da cibiyar tun da wuri ta ba mu masu ja-gora, a nemi izinin mutanen ƙauyukan da ke wurin, don gonakinsu za mu ratsa. Kada a je da damina, lokacin dutse yana da santsi, ga tsawa. Yanzu da ruwa ya ɗauke shi ne daidai, kafin hazon hunturu ya yi kauri ya rufe mana gari.

Akwai abin da manya ba su cika sani ba, mu kuwa mun sani. Wasu 'yan makarantar nan suna sulalewa bayan an tashi su tafi wanka a kududdufan da haƙar kuza ta bari. Ba malami, ba babba, ba wanda aka faɗa wa a gida. Waɗannan ramukan suna da zurfi, sun ci yara da yawa a jihar nan. Ba za mu kama suna ba. Amma yaron da ƙafarsa ke ƙaiƙayi zai fita ko an yarda ko ba a yarda ba, gara ya fita da malami a gaba, malama a baya.

Maganar kuɗi ba ta da tsawo. Mota ce babba. Jakar makaranta in an zazzage littattafai ta isa: gorar ruwa biyu, dafaffen dankali, ƙuli-ƙuli da garin rogo, hula da rigar sanyi. Kambas dole ne, ban da silifas, wanda ba shi da shi ya ara tun yanzu. Ledar da muka hau da ita mu sauko da ita.

Sai babbar magana. Tun ba a je ko'ina ba mun fara jin wasu suna cewa in za a hau dutse to maza kaɗai. Mai wannan rubutu mace ce, don haka bari mu amsa. Mu ne muke ɗauko jarkar ruwa kafin mu zo makaranta, wasu masu wannan maganar kuwa sai an tashe su sau uku. Wando a ƙarƙashin hijabi ko siket ya wadatar, malamanmu mata su raka mu. In kuɗin mota ɗaya za mu biya, dutse ɗaya za mu hau. Waɗanda ya kamata a yi wa tanadi daban su ne masu sikila da asma da masu lalurar ƙafa, mace ko namiji. Su ma a tafi da su, su tsaya inda ƙarfinsu ya kai tare da malami, su riƙe mana awon gindin dutse.

Ba Chappal Waddi muka ce a kai mu ba, wancan na Taraba mai mita 2,419 da ya fi kowane dutse tsayi a Najeriya. Wannan sai mun girma.

Mun liƙa farar takarda a ƙasan wannan rubutu. Duk mai goyon baya ya sa sunansa da ajinsa kafin ranar Juma'a, ranar Litinin za mu kai wa shugaban makaranta. Don Allah a rubuta suna sau ɗaya, kuma a bar mana biron a jikin zarensa.