Wai talakan Amurka malalaci ne? Zo mu yi lissafi 🧵

1/ Jiya wani ɗan'uwa ya rubuta a nan cewa duk wanda ya zauna talaka a Amurka shi ya so, wai ƙasar "yi aiki ka samu" ce. Na so in wuce, amma maganar ta tsaya min a rai. Ku ɗan ba ni aron hankalinku.

2/ Babban Bankin Amurka ne da kansa ke fitar da alƙaluman, ba 'yan gurguzu ba. Ka raba gidajen ƙasar gida ɗari: gida ɗaya na sama yana riƙe da kusan kashi 30 cikin ɗari na dukiya. Gidaje hamsin na ƙasa, a haɗe, ba su kai kashi 3 ba.

3/ Rabin al'umma fa, jama'a. Duk malalata ne? To su wa ke dafa abincin gidajen cin abinci, su share asibiti da daddare, su ɗauki kaya a rumbunan ajiya, su kula da tsofaffi?

4/ Mafi ƙarancin albashi na tarayya dala 7.25 ne a awa, tun 2009 bai motsa ba. Ka yi awa 40 duk mako, shekara cur ba hutu, ka tashi da dala 15,080. Masu hidima a gidan abinci da ke dogaro da ihsanin kwastoma kuwa, nasu 2.13 ne tun 1991.

5/ Kafin a ce na ɓoye: jihohi da dama, irin su Kalifoniya, sun ɗaga nasu sosai. Amma kusan jihohi 20 suna nan a 7.25. Kuma don Allah a daina juya dala zuwa naira ana cewa "ai wannan attajiri ne". Ba da naira yake biyan haya ko kuɗin likita ba.

6/ Amma ni ba albashin ne ya fi ci min tuwo a ƙwarya ba. Albashi ruwan famfo ne, ranar da aka rufe shi ke nan. Dukiya rijiya ce a tsakar gida: gida, fili, hannun jari. Kusan kashi 90 na hannun jarin da gidaje suka mallaka yana wajen kashi 10 na sama. In ka ji kasuwar hannun jari ta yi tashin gwauron zabi, ka san wa ake wa barka.

7/ Ga inda doka ta shigo. Ma'aikaci tun kafin albashi ya zo hannunsa an cire haraji. Attajiri kuwa, hannun jarinsa ya ninka sau goma, ba ya biyan ko sisi kan ribar muddin bai sayar ba. Yana son kuɗin kashewa? Ya jingina jarin a banki ya ci bashi. Bashi ba shi da haraji.

8/ Ranar da ya mutu, magada su karɓa, doka ta ɗauki farashin ranar mutuwa a matsayin farashin saye. Harajin ribar shekara arba'in ya bi iska. Wannan ba ƙwazo ba ne, majalisa ce ta zauna ta rubuta shi haka.

9/ A 2021 ProPublica ta bankaɗo bayanan haraji: Jeff Bezos bai biya harajin kuɗin shiga na tarayya ba a 2007 da 2011, Elon Musk a 2018. Kuma ba su karya doka ba. Abin haushin ke nan. Warren Buffett ma a 2011 ya rubuta da hannunsa cewa kason da yake biya bai kai na ma'aikatan ofishinsa ba.

10/ Sai batun launin fata. A binciken 2022, matsakaicin iyalin farar fata na da dukiyar kusan dala 285,000, na baƙar fata kusan 45,000. Ninki shida da ɗoriya.

11/ Daga ina? A shekarun 1930 hukumar gwamnati ta zana taswirar birane, ta shafa jan launi a unguwannin baƙaƙe a matsayin masu hatsari ga lamuni. Rancen gida ya gagare su. Sai 1968 aka haramta wariya a harkar gidaje. Wanda kakansa ya sayi gida a 1950 ya gaji gida, wanda aka hana kakansa ya gaji haya. Sannan a ce su yi tsere daga layi ɗaya?

12/ Ban ce ba a yin arziki da gumi a can ba, ana yi, kuma Allah ya ƙara buɗi. Amma labarin mutum ɗaya da ya haye ba ya goge lissafin miliyoyin da ke aiki biyu, gyaran mota na dala 400 ya jefa su cikin bashi.

13/ Malam da ka yi rubutun jiya, ina jiran amsarka kan lamba 8 musamman. Wane aiki magajin ya yi?