Sojan da ake sayarwa ba a gama shi ba

A birnin Nottingham na Ingila akwai kamfani mai suna Games Workshop, wanda cinikinsa na shekara ya haura fam miliyan 500, kuma a watan Disambar 2024 ya shiga jerin manyan kamfanoni 100 na kasuwar hannun jarin Landan. Hajarsa 'yan sojoji ne na roba, yawancinsu tsayinsu bai wuce milimita 28 zuwa 32 ba, waɗanda ake jerawa a kan tebur ana wasan yaƙi da su da 'ya'yan ludo da tef ɗin awo. Wanda ya sayi kwali ya buɗe ba zai tarar da soja ko ɗaya a tsaye ba. Firam zai gani na roba ruwan toka, kai a nan, hannu a can, bindiga ko takobi a wani gefen. Shi zai yanke, ya kankare, ya manna da gam, sannan ya zauna ya yi fenti. A kowace kasuwa wannan aibi ne, domin babu mai biyan kuɗin riga a miƙa masa yadi da allura. Amma a nan, rashin gamawar shi ne ainihin abin da ake saye, kuma ra'ayina shi ne fentin waɗannan 'yan sojoji aikin hannu ne na gaske da ya cancanci a girmama shi kamar sauran sana'o'in hannu.

Hujja ta farko tana cikin tarihin wasan kansa, domin wasan yaƙi bai taɓa buƙatar ado ba. A 1824 wani hafsan sojan Furusiya, Georg von Reisswitz, ya gabatar wa manyan hafsoshin ƙasarsa wasan koyon dabarun yaƙi a kan taswira, kuma 'yan gutsattsarin ƙarfe ja da shuɗi sun wadatar wajen wakiltar runduna. Masu shirin yaƙi na gaske iyakar abin da suke nema ke nan. Adon daga wata hanya ya shigo, ta masu ƙera sojojin kuza a Nuremberg ta Jamus da kamfanin William Britain na Landan, wanda a 1893 ya fara zuba sojojin dalma masu rami a ciki, abin da ya sa suka yi araha. Da irin waɗannan sojoji marubuci H. G. Wells ya tsara dokokin wasansa a littafin Little Wars a 1913. Daga baya an kafa Games Workshop a Landan a 1975, wasansa na Warhammer ya fito a 1983, Warhammer 40,000 kuma a 1987. An gwada sayar da sojojin da aka riga aka fenta a masana'anta, kamar na wasan Mage Knight da ya fito a 2000, kuma sun sami kasuwa, amma ba su ture buroshi ba. Gasar fenti ta Golden Demon tun 1987 ake yin ta, kuma akwai ɗimbin masu fenti da ba sa ma zama teburin wasa. In da wasan ne kaɗai abin so, da tuni masana'anta ta ɗauke wa kowa wannan wahala.

Sai mutum ya dubi aikin a kusa zai gane me ake nufi. Bayan an yanke gaɓoɓin, akwai wani siririn layi da mazubi ke bari a jikin roba, wanda in ba a kankare shi da bayan wuƙa ba zai fito ɓaro-ɓaro bayan fenti. Sai a fesa fentin share fage, baƙi ko fari ko ruwan toka, domin sauran launuka su kama. Kuskuren kowane sabon shiga shi ne ya ɗebo fenti da kauri daga kwalba ya lafta, sai fuskar sojan ta toshe, idanu da maɓallan riga su nutse. Shi ya sa Duncan Rhodes, wanda ya yi suna da bidiyon koyar da fenti, aka san shi da nanata cewa a tsinka fenti da ruwa a shafa sau biyu. Bayan nan ana zuba wani fenti mai duhu, tsararo, wanda yake gangarawa cikin lunguna da ninkin tufafi ya zauna, sai inuwa ta bayyana. Sannan a ɗauki launi mai haske a bi bakin sulke da gefen buroshi, layi siriri kamar gashi, mutum yana riƙe numfashi, gwiwoyin hannunsa a kafe a kan tebur, tafukansa a haɗe don kada hannu ya yi rawa. Ƙwayar ido ɗigo ne wanda bai kai kan allura ba, kuma in ta kauce kaɗan sojan ya zama mai harara garke. Duk wannan a kan soja ɗaya ne, alhali runduna tana iya kai sojoji hamsin ko ɗari.

Abin da ya sa nake ganin darajar aikin shi ne babu hanyar yaudara a cikinsa. Wanda ya yi gaggawa, gaggawarsa tana nan a jikin roba kowa yana gani, wanda ya yi haƙuri ma haka. In mutum ya ajiye sojansa na farko kusa da na hamsin, zai ga ci gabansa da idonsa ba sai an faɗa masa ba. Yana koyon yadda haske ke faɗawa kan abu, da yadda launi ke canjawa in an ajiye shi kusa da wani, da dalilin da ya sa ja mai inuwar shunayya ya fi ja mai inuwar baƙi rai. Mai ɗinkin hula da ke bin zare rami bayan rami na tsawon makonni ya san irin wannan natsuwa, kuma ba wanda yake ce masa ɓata lokaci yake don akwai hular inji a kasuwa. A zamanin da yawancin nishaɗi ke zuwa a shirye ta fuskar waya, mutum yana kallo yana shafa yatsa, samun abin da ke tilasta wa hannu da ido su yi aiki tare na awanni ba ƙaramin abu ba ne. Lokacin kullen korona a 2020 cinikin waɗannan kaya ya ƙaru sosai, har ɗan wasan fim Henry Cavill ya nuna wa duniya hoton wanda yake fentawa.

Masu cewa wasan yara ne ba sa buƙatar doguwar amsa, domin yaro ɗan shekara biyar ba zai iya wannan aiki ba. Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne cewa ana mai da yaƙi abin nishaɗi. Ga mai karatu a Afirka abin yana da zafi, saboda daga cikin yaƙe-yaƙen da ake kwaikwaya akwai na mulkin mallaka. Kamfanin Perry Miniatures, shi ma na Nottingham, yana sayar da mayaƙan Ansar na Mahadin Sudan da sojojin Birtaniya da suka gwabza da su a shekarun 1880. Ba za a ce babu masu yin wasan da zuciyar kewar daula ba. Amma a duba abin da fentin yake tilastawa. Wanda zai fenta ɗan Ansar dole ya nemi sanin yadda jibbarsa take, da launin facin da ake ɗinka mata, da tutar da yake bi, da ƙabilar da ya fito. Yana ba shi awannin da ya ba sojan Turawa, ya yi masa fuska da ido. Littattafan mallaka sun saba ƙirga irin waɗannan mutane a dunƙule, a ce dubu kaza sun faɗi, mai buroshi kuwa ɗaya bayan ɗaya yake ɗaukar su. Wells kansa mai ƙyamar yaƙi ne, kuma ya yi jayayya cewa wanda ya buga ƙaramin yaƙi a tsakar ɗaki zai gane irin shirme da asarar da ke cikin babba.

Akwai kuma tambayar da Musulmi zai yi game da surar abu mai rai. Wannan magana ce ta malamai, sun yi bayani a kanta kuma sun bambanta tsakanin abin bauta da abin wasa, don haka wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya tambayi malaminsa. Abin da zan ƙara kawai shi ne babban sashe na wannan aiki ba shi da alaƙa da siffar mutum. Akwai tankoki da jiragen ruwa da na sama, akwai ganuwa da gadoji da tsaunuka da ake yi da kwali da soso da yashi, kuma dabarun inuwa da haske duk ɗaya ne.

Inda masu suka suka fi gaskiya shi ne batun kuɗi. Kayan Games Workshop suna da tsada, farashi yana hawa kusan kowace shekara, kuma sababbin dokoki da sababbin sojoji suna fitowa fiye da yadda hannu zai iya fentawa. Sakamakon haka kusan kowane mai wannan sha'awa yana da tulin kwalaye da bai buɗe ba, har abin ya zama sananne a tsakanin masu sha'awar. A nan saye ya rinjayi aiki, kuma kamfanin ne ke cin riba. Shi ma ya lura da yawan rundunonin ruwan toka a teburan gasa, shi ya sa a 2019 ya fito da fentin Contrast mai ba da launi da inuwa a shafa ɗaya, a 2020 kuma dokokin gasar Warhammer 40,000 suka fara ba da maki 10 ga rundunar da aka fenta. Sauƙaƙa fenti abu ne mai kyau ga sabon shiga, amma makin yana iya tura mutum ya biya wani ya fenta masa don kawai ya cika sharaɗi, wanda hakan komawa ne ga sayen kayan da aka gama. Tsadar kuma ba dole ba ce. Kamfanoni irin su Perry da Warlord Games suna sayar da sojojin tarihi da yawa a kwali ɗaya a farashi mai sauƙi, fentin Vallejo na Sifaniya kwalba ɗaya tana daɗewa, injin ɗab'i mai fitar da siffa ya karya farashin wasu kayan, kuma buroshi biyu da launuka shida da kwali ɗaya na sojoji sun ishi mai koyo aikin watanni.