Shin Aiki A Tsaye Yana Rage Ƙiba?



Wata 'yar'uwa mai aikin akawu ta rubuto mini tana kukan ƙiba. Ta ce tun da ta kama aiki, daga kujerar ofis sai tabarmar gida, har rigunanta sun matse ta. An gaya mata wai Turawa sun ƙago wani dogon tebur da a ke aiki a kansa a tsaye, wai yana narkar da kitse. Tana so ta kwashi adashinta ta saya. To, 'yar'uwa, dakata tukuna ki ji.

A 1953 wani likita a Ingila, Jeremy Morris, ya duba ma'aikatan motocin bas masu bene na birnin Landan. Ya tarar direbobi, waɗanda ke wuni zaune, sun fi kwandastoci kamuwa da ciwon zuciya. Amma ku lura, kwandastocin nan ba tsayuwa kurum su ke yi ba. Wuni su ke suna hawa da sauka suna karɓar kuɗi.

A 2018 likitocin asibitin Mayo na Amurka suka auna amfanin tsayuwa ita kaɗai. Ƙarfin da abinci ke ba jiki ana auna shi da kalori. Suka ga mai nauyin kilo 65, in ya tsaya awa shida a maimakon zama, kalori 54 kacal zai ƙona ƙari. Watau bai wuce abin da ke cikin cokalin shayi uku da ɗan ɗori na sukari ba. Kwalbar lemo guda ta shafe wahalar wunin nan har da riba! Sa'an nan a 2024 masana na Jami'ar Sidni a Ostareliya suka bincika mutum fiye da 83,000. Suka tarar yawan tsayuwa ba ya kare zuciya, kuma in ya zarce awa biyu a rana yana iya jawo kumburin jijiyoyin ƙafa. Duk malamar da ta wuni gaban allo ta san wannan a diddigenta.

Tafiya kuwa dabam ce. A 2007 Likita James Levine ya gwada wani tebur mai na'ura a ƙarƙashi, mutum yana takawa a hankali yana aikinsa. Tafiyar kamar mil ɗaya a awa ta ƙona wajen kalori 100 ƙari kowace awa. Sai dai na'urar tana da tsada, tana kuma bukatar lantarki. Ƙafafunki kuwa kyauta ne.

Saboda haka ga shawarata. Kowane rabin awa ki tashi ki ɗan zagaya. Saƙon da za ki aiki yaro, kai da kanki. Mai keken ɗinki, in kin gama riga guda miƙe ki taka tsakar gida. Shara da daka da wanki duk motsa jiki ne, kada ki raina su. Ke kuma 'yar makaranta, yi haddarki kina kai da kawo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya sami aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, watau rabin awa sau biyar, yara kuma awa guda kullum.

Ki kuma rage sukari a shayi da koko, gama ƙiba ta baki ta ke shiga. Amma kada ki horar da kanki da yunwa, kada kuma ki sha maganin ramewa na kasuwa. Mai juna biyu ko mai hawan jini ta fara tambayar likita.

Adashinki dai, 'yar'uwa, riƙe abinki. Sai mako mai zuwa. Ku huta lafiya, amma ba a kan kujera ba.