Ma'aikacin laburare, daina jiran a tura ka bita: ajin yana cikin wayarka

Yayata ta shekara tara tana aiki a laburaren wata makarantar sakandare ta gwamnati, kuma ba a taɓa tura ta bita ba ko sau ɗaya. Duk lokacin da takardar gayyata ta zo daga ma'aikata, kafin labari ya iso wurinta an riga an rubuta sunan wanda zai je. Kowa ya san dalili: akwai alawus, akwai kuɗin mota, akwai jaka da biro. Ita kuwa tana nan da ƙaton rajistarta mai baƙin bango, tana rubuta sunan ɗalibi da sunan littafi da ranar dawo da shi, kamar yadda ta tarar ana yi.

Kwanakin baya ta miƙo mini wayarta in rage mata kaya, wai ta cika tana sarƙewa. Android ce mai kyau, ta ma fi tawa. Da na gama share bidiyoyin guruf-guruf na WhatsApp, sai na buɗe mata wani shafi mai suna WebJunction, muka yi rajista da adireshinta na imel. Ba a nemi kobo ba, ba a nemi lambar katin banki ba. Cikin mako biyu, da daddare bayan yara sun yi barci, ta gama kwas ɗinta na farko kan jera littattafai a kanta bisa tsarin Dewey, ta sauke takardar shaida mai ɗauke da sunanta.

Ra'ayina a wannan rubutu shi ne, ma'aikacin laburaren da ke da waya mai intanet a yau, in ya ci gaba da zaman jiran gawon shanu har ranar da za a sa sunansa a jerin masu zuwa bita, kansa ya cuta. Ilimin da yake jira yana nan a buɗe, kyauta. Sai dai wannan kyauta tana da nata tsadar, kuma bai kamata a bar wa ƙaramin ma'aikaci shi kaɗai ya biya ta ba.

Ina ake samun darussan?

WebJunction shiri ne na OCLC, wata ƙungiyar laburare da ke jihar Ohayo a Amurka. An fara shi a 2003 da tallafin gidauniyar Bill da Melinda Gates. Yana da kwasa-kwasan da mutum ke yi a lokacin da ya ga dama, da laccocin da ake yi kai-tsaye ta intanet sannan a ajiye bidiyonsu. Batutuwan sun haɗa da tsara littattafai, karɓar masu zuwa karatu, shirya wa yara zaman karatu, da koya wa jama'a amfani da kwamfuta.

A nan gida Afirka akwai AfLIA, ƙungiyar da ta haɗa laburare da ƙungiyoyinsu na nahiyar, mai hedikwata a Akara ta Gana. Tsakanin 2020 da 2021 ta gudanar da shirin koya wa ma'aikatan laburaren Afirka aiki da Wikipedia, kuma tana shirya laccoci ta intanet a kai a kai. Akwai kuma IFLA, uwar ƙungiyoyin laburare ta duniya da aka kafa a 1927, wadda ake samun bidiyon laccocinta da takardun ƙa'idojin aiki a shafinta.

Wanda ke aiki a jami'a ko kwalejin ilimi ko makarantar koyon aikin jinya, ya nemi Research4Life. Haɗin gwiwa ne na hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da manyan kamfanonin ɗab'i, wanda ke buɗe wa cibiyoyin ƙasashe masu tasowa mujallun bincike kyauta ko da rahusa. Hinari na ɓangaren lafiya ne, an fara shi a 2002, AGORA na noma, OARE na muhalli, ARDI na ƙirƙira, GOALI kuma na shari'a. Suna da darussan koyon amfani da waɗannan rumbuna ba tare da biya ba. Sau da yawa makaranta tana da rajista, amma wanda ke zaune a tebur bai san yadda zai nuna wa ɗalibi hanyar shiga ba.

Masu son aikin kwamfuta sosai kuwa, su duba Library Carpentry. Darussansa a buɗe suke ga kowa, suna koyar da OpenRefine don gyara bayanai masu hargitsi, da SQL don tambayar rumbun bayanai. A ce kana da jerin littattafai dubu biyar a Excel, an rubuta sunan marubuci ɗaya ta hanya huɗu, wani wuri Abubakar Imam, wani wuri Imam A., wani wuri da kuskuren harafi. OpenRefine zai tattaro maka su cikin mintoci ka daidaita. Haka manhajar Koha, wadda aka fara ƙirƙira a ƙasar Niyu Zilan a 1999 kuma jami'o'i da dama a Najeriya ke amfani da ita wajen sarrafa aron littattafai, ita ma kyauta ce, littafin jagorarta yana intanet. Gaskiyar masu iya magana, ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.

Tsadar da ke cikin kyautar

Ba zan ruɗe ku ba, wanda ya ce kwas kyauta ne, kuɗin rajista kawai ya ɗauke maka. Data kai za ka saya, kuma tun da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin layi ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, kowa ya ji a aljihunsa. Caji kai za ka nema. Lokaci ma naka ne.

Akwai dabarun rage wannan nauyi, waɗanda masu bibiyar wannan shafi sun san su. Bidiyon lacca ba fim ba ne, murya da rubutun allo ake buƙata, don haka a YouTube ka saukar da ingancin hoton zuwa 360p ko ƙasa da haka. A Zoom ka kashe kyamararka. In akwai rubutaccen bayanin lacca ko takardar PDF, fara sauke su, ba sa cin komai. Manyan fayiloli ka bar su sai ka samu Wi-Fi, ko ka yi amfani da datar dare da kamfanoni ke sayarwa da rahusa. Kada kuma ka dami kanka da halartar lacca kai-tsaye: gabashin Amurka yana bayan Najeriya da Nijar da awa biyar ko shida gwargwadon lokacin shekara, laccar la'asar ɗinsu dare ne a wurinmu. Bidiyon da aka ajiye ya wadatar.

Wani abin da ya kamata a faɗa shi ne, ba kowane darasi waya za ta iya ɗauka ba. Kwasa-kwasan karatu da kallo suna tafiya lafiya a burauza. OpenRefine kuwa sai da kwamfuta. Za ka iya karanta darasin a waya, amma gwajin hannu sai ka ari laftof ko ka shiga ɗakin kwamfutar makaranta.

Sannan a yi hattara da 'yan damfara. Duk saƙon da ya shigo guruf yana cewa ka latsa nan ka karɓi satifiket ɗin ƙasa da ƙasa, sannan a nemi BVN ɗinka ko lambar sirrin da banki ya turo maka, ko a ce ka tura wa mutum ashirin kafin a buɗe maka, tarko ne. Rubuta sunan ƙungiyar da kanka a burauza ka shiga shafinta na ainihi.

Abin da masu suka ke cewa

Na tattauna wannan batu da wasu ma'aikatan laburare, kuma sukar da suke yi tana da ƙarfi. Na farko sun ce darussan da Turanci ne, kuma an tsara su don laburaren Amurka mai wuta dare da rana da kasafin sayen sababbin littattafai duk shekara. Haka ne. Ko tsarin Dewey da yayata ta koya, wanda aka fitar a 1876, ya nuna daga inda ya fito: adabin Amurka yana da 810 shi kaɗai, na Ingila 820, na Faransa 840, adabin Hausa kuwa sai an shiga 890, rukunin sauran adabi, a lalubo shi a ƙarƙashin 893. Babu kwas ɗin Ohayo da zai gaya maka yadda za ka kare littafi daga gara da ƙurar hunturu, ko yadda za ka rubuta bayanin takardar ajami wadda ba ta da shekarar bugu ba ta da sunan maɗaba'a. Amma wanda ya san ƙa'idar, shi ne zai iya lanƙwasa ta ta dace da wurinsa. Rubuce-rubucen hannu da ke Gidan Arewa a Kaduna, da na cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da na cibiyar binciken IRSH a Yamai, duk suna buƙatar mutanen da suka haɗa sanin ajami da sanin tsara bayanai a kwamfuta. Sanin ajami a gida ake samunsa, sanin tsara bayanan kuwa ga shi a intanet.

Suka ta biyu ita ce takardar shaidar ba ta kawo ƙarin girma. Wannan ma gaskiya ce a wurare da yawa. Takardar kammala kwas na awa biyu ba digiri ba ce, ba ta maye gurbin karatun da ake yi a Jami'ar Ahmadu Bello ko Jami'ar Bayero, ba ta kuma ba mutum rajistar LRCN, hukumar da dokar 1995 ta kafa don yi wa ƙwararrun laburare rajista a Najeriya. Wanda ya shiga don tara takardu zai gaji ya bari. Shi ya sa shawarata ita ce ka zaɓi kwas da matsalar da ke gabanka. Littattafai suna ɓacewa ba a san wanda ya ara ba? Koyi tsarin aro. Ɗalibai suna kwafo aikin gida daga intanet ba su san sahihi da na bogi ba? Nemi darasin tantance bayanai. Malamai suna wahala da jera manazarta? Koyi Zotero, shi ma kyauta ne, ka koya musu. Kwas ɗaya da ya canza wani abu a teburinka ya fi satifiket goma a cikin jaka.

Suka ta uku ce ta fi damuna, domin ita ce haɗarin wannan rubutu nawa. In shugabanni suka ji cewa akwai horo kyauta a intanet, suna iya cewa shi ke nan, an sauke musu nauyi, su soke ɗan abin da ake warewa don horar da ma'aikata. Wannan zalunci ne.

Haƙƙin da ke kan shugabanni

TETFund tana tallafa wa laburare da horar da ma'aikata a jami'o'i da kwalejojin fasaha da na ilimi mallakar gwamnati. Laburaren jiha da na ƙaramar hukuma da na sakandare ba sa cikin wannan rabo, kuma su ne suka fi kusa da talaka. Abin da nake roƙa musu bai kai kuɗin bita ɗaya a otal ba. A ware wa ma'aikaci awa biyu a mako cikin lokacin aiki don karatu, a rubuce, ba alfarma ba. A saya wa laburare ƙaramar na'urar Wi-Fi da datar wata. A sa kwasa-kwasan da mutum ya kammala a takardar auna ƙwazonsa ta shekara, da sharaɗin ya nuna abin da ya aiwatar. Duk wanda ya gama kwas kuma ya tara abokan aikinsa na rabin awa ya bayyana musu da Hausa, ta haka wanda Turanci ke ba wahala shi ma ya samu rabonsa. Rassan jihohi na ƙungiyar ma'aikatan laburare ta Najeriya, wadda take nan tun 1962, za su iya tattara jerin sahihan kwasa-kwasai su riƙa turawa a guruf ɗinsu, maimakon kowa ya yi ta lalube.

Kai fa, mai karatu?

Wataƙila kana cewa kai ba ma'aikacin laburare ba ne, me ya shafe ka. Ya shafe ka. In ɗalibi ne kai, wanda ke bayan teburin nan shi ne zai iya buɗe maka mujallar da ake sayar da muƙala ɗaya a cikinta da daloli. In kana karanta ilimin laburare, ko an tura ka hidimar ƙasa aka ajiye ka a ɗakin karatun wata makaranta, gyara bayanai da tsara su sana'a ce da ake nema har a wajen laburare. In kuma kana jin haushin yadda ake neman abu da Hausa a intanet a rasa, to akwai gangamin 1Lib1Ref da aka fara a 2016, wanda ke roƙon kowane ma'aikacin laburare ya ƙara madogara ɗaya tak a wata muƙalar Wikipedia. Wikipedia ta Hausa tana buƙatar irin wannan, littattafan da za a kafa hujja da su kuwa suna kan kantocin laburarenmu, ƙura ta rufe su.

Yawancin ma'aikatan nan iyayenmu ne da yayyenmu. Wayar suna da ita, abin da ke tsayar da su ƙanana ne: kalmar sirrin imel da aka manta, shafin da ya ƙi buɗewa, tsoron kada a latsa wani wuri kuɗi su fita. Minti ashirin ɗinka zai warware wannan. Ka shiga laburaren da ya fi kusa da kai a makon nan, ka gaida wanda ka tarar, ka tambaye shi ko ya taɓa jin labarin waɗannan shafuka.

Yayata har yanzu ba a tura ta bita ba, kuma rajistar mai baƙin bango tana nan. Amma ta fara shigar da sunayen littattafan a Google Sheets daga wayarta, kanta ɗaya a mako, ta kuma manna lambobi a gefen kowane littafi. Ta ce mini ranar Litinin da ta wuce wani yaro ɗan aji biyu ya shigo neman Magana Jari Ce, ta faɗa masa lamba, ya je ya ɗauko da kansa.